Zagayen tapas da giyar inabi a Sevilla: me ake ci, me ake sha, kuma yaya wanda ba ya shan giya zai yi?

Tambaya: Wani malamin jami'a ya rubuto cewa zai halarci taro a birnin Sevilla na ƙasar Sifaniya a watan Yuni, kuma masu shirya taron sun sanya a jadawali wani zagaye na yamma, a ƙafa, tare da jagora, domin ɗanɗana tapas da giyar inabi. Shi ba ya shan giya kuma ba ya cin naman alade. Yana son sanin abin da ake yi a irin wannan fita, da kuma ko ya shiga ko ya haƙura.

Amsa: Malam, abu na farko da zan gaya maka shi ne kada ka bar wannan shawara sai daren fita. Zagayen da aka saba shirya wa baƙi a Sifaniya an ɗora shi ne a kan abubuwa biyu, giyar inabi da naman alade, kuma jagoran yakan daidaita da kowane shago a kan abin da za a kawo wa ayarinsa tun kafin su iso. Wanda ya bari sai an tsaya a gaban kanta sannan ya ce shi ba ya ci, ya jefa jagora cikin tsaka mai wuya, shi kuma ya biya kuɗin cikakken zagaye ya koma masauki da yunwa. Wanda ya yi magana tun da sauran mako guda kuwa yakan ci abinci mai kyau, domin Sevilla ba ta da nisa da gaɓar teku ta Cádiz da Huelva, kuma kifi yana da babban matsayi a girkinta. A aikina na shirya wa baƙi tafiye-tafiye a yankin Andalus, babu tambayar da Musulmi suka fi yi mini kamar wannan.

Tapas ba sunan wani abinci ɗaya ba ne. Ɗan ƙaramin faranti ne na kowane irin girki, loma uku ko huɗu, wanda ake ci tare da abin sha, sau da yawa a tsaye. Al'adar mutanen garin ita ce a ci faranti ɗaya ko biyu a wannan shago, a biya, a taka zuwa na gaba, domin kowane shago akwai abin da ya yi suna a kai. Ya yi kama da mutumin da ya fita da dare ya sayi tsire wajen wanda ya iya tsire, ya wuce wajen mai ƙosai, ya ƙare a teburin mai shayi, sai dai a can hira da abokai ita ce babban dalilin fitar. Jagorori suna son ba da labarin asalin al'adar, wasu su jingina ta ga Sarki Alfonso na 10 wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, wasu kuma ga Alfonso na 13 na farkon ƙarni na 20. Labaran baka ne da babu takardar da ta tabbatar da su, don haka ka saurare su a matsayin hira.

Wuraren da ake shiga kuwa ba daidai suke da abin da Bahaushe yake nufi da mashaya ba. A nan ne ma'aikaci yake shan kofi da gasasshen burodi da safe, dattawa su zauna da jarida, iyali su zo da yaransu da yamma. Amma ana sayar da giya a cikinsu a fili, kwalabe jere a bayan kanta, kuma a tsofaffin shaguna za ka ga cinyoyin alade busassu rataye daga rufi. Gara ka san wannan tun kana gida.

Zagayen kansa yakan ɗauki sa'a uku zuwa huɗu, a tsaya a shaguna uku zuwa biyar, a kowanne a kawo kofi ɗaya na abin sha da faranti biyu ko uku. Kamfanonin da suka san aikinsu ba sa haɗa ayarin da ya wuce mutum goma ko goma sha biyu, saboda shagunan ƙanana ne. Kuɗin yakan kama daga wajen Yuro 70 zuwa sama da 100 ga mutum ɗaya, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗi na abin sha ne. Tafiyar ƙafar ba ta da yawa, kilomita biyu ko uku, amma hanyoyin tsohon gari na duwatsu ne, tsayuwa kuma ta fi zama yawa.

Ka lura da lokacin da aka sa. Mutanen Sifaniya suna cin abincin rana da ƙarfe 2 ko 3, na dare kuma da 9 ko 10, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tun 1940 aka tura agogon ƙasar gaba da sa'a guda, ya daidaita da na tsakiyar Turai, ba a kuma mayar da shi ba. Ɗakunan girki da yawa a Sevilla ba sa kunna wuta da yamma sai wajen ƙarfe 8. Saboda haka zagayen da ya fara da ƙarfe 5 ko 6 zai kai ku ne wuraren da ke buɗe domin baƙi, wanda ya fara da 7:30 ko 8 shi ne zai haɗa ku da 'yan gari. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9:30, ke nan Magariba za ta riske ka a tsakiyar zagayen ko dab da ƙarshensa, kuma zafin rana a garin yakan haura digiri 35, wani lokaci ya kai 40. Ka tsara sallarka kafin ka bar masauki, ka kuma riƙe ruwa.

Abin da ya sa ba na saurin ce wa mutum ya bari gaba ɗaya shi ne hanyar da ake bi. Yawanci ana farawa daga gefen babbar majami'ar garin, a gindin hasumiyar Giralda, wadda hasumiyar masallacin Muwahhidun ce, daular Musulmin Maroko da ta mulki Andalus, da aka gina tsakanin 1184 da 1198, kafin Sarki Fernando na 3 ya ci garin a 1248. Harabar itatuwan lemo da ke jikin majami'ar ita ce harabar masallacin ta da. Daga nan a shiga lungunan Santa Cruz, tsohuwar unguwar Yahudawa, ko a nufi dandalin Salvador, inda cocin da ke wurin yake zaune a kan gurbin wani masallacin da ya girmi na Giralda, na ƙarni na 9. Wasu jagororin kuma sukan haye kogin Guadalquivir ta gadar Triana, wadda aka buɗe a 1852, su kai ayari Triana, unguwar maginan tukwane da matuƙan jiragen ruwa. Shagunan ma tarihi ne: El Rinconcillo yana ɗauke da shekarar 1670, kuma an san shi da rubuta lissafin mai ciniki da alli a kan katakon kanta, Casa Morales na tun 1850 ne, da manyan randunan giya jere a ɗakin baya. Jagora nagari yakan ɗinke waɗannan wurare da abin da ke cikin faranti, ya nuna maka cewa alayyafo da gauta da rake da shinkafa ta hannun Musulmin Andalus suka bazu a ƙasar. Wannan bayani shi ne abin da ba za ka samu ba idan ka fita kai kaɗai.

Yanzu ga abin sha, kuma ya kamata ka san shi ko da ba za ka taɓa ba, domin ka gane abin da aka ajiye a gabanka. A Sevilla giyar da jagora zai fi alfahari da ita ita ce ta Jerez, wadda ake yi a garuruwa uku na lardin Cádiz: Jerez de la Frontera, da Sanlúcar de Barrameda, da El Puerto de Santa María. Mafi yawanta daga inabin palomino ake yi. Nau'in fino da manzanilla fari ne fat, ana ajiye shi a ganga a ƙarƙashin wani ɓawon yis da ke hana iska taɓa shi, kuma barasar da ke ciki takan kai kashi 15 cikin 100. Oloroso ya fi duhu ya kuma fi ƙarfi. Pedro Ximénez baƙi ne, mai kauri da zaƙi, domin sai an shanya inabin a rana kafin a matse shi. Za a iya kawo jar giya daga Rioja ko Ribera del Duero, ko giyar hatsi ta Cruzcampo wadda aka kafa kamfaninta a garin a 1904.

Waɗannan duk a bayyane suke. Inda baƙo yake ruɗuwa shi ne abubuwan da suka yi kama da lemo. Vino de naranja, wanda ake yawan ba ayari a kusa da Giralda, giya ce mai zaƙi da aka jiƙa ɓawon lemo a ciki, ba ruwan lemo ba ne. Tinto de verano jar giya ce da aka sirka da lemon kwalba da ƙanƙara, rebujito kuma manzanilla ce da aka yi wa irin wannan sirki. Sai mosto, wanda ya fi buƙatar hattara. A Madrid da galibin ƙasar, idan ka nemi mosto za a ba ka ruwan inabi marar barasa, amma a ƙauyukan Aljarafe da ke gefen Sevilla da kuma yankin Jerez, da wannan sunan ake kiran sabuwar giyar shekara, wadda ta riga ta yi tsami ta zama barasa. Idan ruwan inabi kake so, ka ce "mosto sin alcohol", ka kuma nemi ganin kwalbar. Haka giyar hatsi da aka rubuta wa "sin": dokar ƙasar ta yarda a kira ta haka matuƙar barasarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, wadda aka rubuta wa "0,0" ce aka cire wa kusan duka. Ni dai nakan ba baƙina shawara su bar duka biyun su nemi ruwan lemo da aka matse a gabansu, ko ruwa mai gas, ko ruwan famfo, wanda wata doka ta 2022 ta wajabta wa gidajen abinci su bayar kyauta. A shagunan askirim kuma lokacin zafi akan sami horchata, wadda ba komai ba ce illa kunun aya. Gidanta Valencia, kuma wani ɓangare na ayar da Sifaniya ke amfani da ita daga Afirka ta Yamma ake kai ta, har da Nijar.

Maganar alade ta fi ta giya wuya, domin giya a kofi take, alade kuwa a cikin girki yake ɓuya. Dalilin yawansa biyu ne. Na farko ƙasa ce: tsaunukan Huelva, inda garin Jabugo yake, dazuka ne na itatuwan da baƙaƙen aladun yankin ke kiwo a kan 'ya'yansu, kuma cinyar da ake kira jamón ibérico takan shekara biyu zuwa huɗu tana bushewa, ita ce abin da mai masauki zai fara miƙa wa baƙon da yake girmamawa. Na biyu tarihi ne: kotun binciken addini ta Kiristoci, mai tuhumar waɗanda ake zargi da bin wani addini a ɓoye, ta fara aiki a Sevilla a wajen 1481, mazauninta kuma shi ne gidan yarin San Jorge, wanda kasuwar Triana ta yau take zaune a kan kangonsa. A wancan zamani, har zuwa korar ragowar Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci tsakanin 1609 da 1614, ƙin cin alade yakan jawo wa mutum zargi, cinsa a fili kuma shaida ce. Ba na kawo wannan domin ka riƙe kowa a zuciya ba; mutanen da za su yi maka hidima a yau masu karamci ne, kuma ba wannan tarihi ne a ransu ba sa'ad da suke yanka jamón. Na kawo shi ne domin ka gane zurfin da abin ya yi a girkinsu, har ma'aikaci zai iya ce maka babu nama a faranti da zuciya ɗaya, alhali an barbaɗa masa jamón, don shi a wurinsa wannan ado ne.

Saboda haka cewa "ba na cin alade" kaɗai ba ta isa ba. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi da kauri da ake niƙawa da burodi da man zaitun da tafarnuwa, kanta ba ta da nama, amma ana kawo ta da dafaffen ƙwai da jamón a sama. Croquetas, curin fulawa da madara da ake soyawa, mafi yawansu na jamón ne, kuma na kaza ma akan yi su da romon da aka dafa ƙashin alade a ciki. Albóndigas, curin niƙaƙƙen nama, yawanci haɗin sa da alade ne. Carrillada naman kumatun alade ne da aka dafa da giya, solomillo al whisky kuma alade ne, kamar yadda pringá, dagargajajjen naman da ake cusawa a burodi, take. Serranito, burodin da garin ya shahara da shi, ko ka nemi na kaza za a sa masa yankan jamón sai in ka hana. Pincho moruno, wato tsirensu, duk da sunansa na nuni ga Larabawan Magrib, a yawancin shaguna da alade ake yinsa. Jelar sa kuwa, rabo de toro, da jar giya ake dafa ta, banda maganar yanka.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne, kuma a ganina shi ne mafi daɗin girkin garin. Kiristocin Sevilla suna barin nama a ranakun Juma'a na azuminsu na kwana arba'in, kuma wannan ya haifar da girke-girke marasa nama da suka zauna daram. Shugabansu shi ne espinacas con garbanzos, alayyafo da wani dunƙulallen wake, an soya su da man zaitun da tafarnuwa da soyayyen burodi da kayan ƙamshi. Akwai kifin bacalao da tumatir, akwai wainar ƙwai da dankalin Turawa da suke kira tortilla, akwai soyayyen gauta da ake yaryaɗa wa ruwan rake mai kauri. Sai soyayyen kifi, wanda a wasu shagunan ake sayarwa a awo a naɗe maka a takarda: ƙananan boquerones, da cazón en adobo da aka tsuma a ruwan khal da tafarnuwa, da tortillitas de camarones, 'yar wainar ƙananan jatan lande ta mutanen Cádiz. Idan ana yanka wa abokan tafiyarka jamón, kai ka nemi mojama, naman kifin tuna da aka sa wa gishiri aka busar a garuruwan Barbate da Isla Cristina, ana yanka shi siri-siri a zuba masa man zaitun. A mazhabar Malikiyya da galibinmu ke bi, halittun teku ba su da matsala, wannan kuwa ya buɗe maka ƙofa mai faɗi.

Duk da haka akwai tambayoyi biyu da sai ka yi. Wasu masu girki sukan ɗiga farar giya a jatan lande mai tafarnuwa, ko giyar hatsi a ƙullin da ake tsoma kifi, ko su yaryaɗa Pedro Ximénez a kan cuku da askirim. Sannan a ƙaramin ɗakin girki mai ɗaya ne ake soya kifi da croquetas, ƙarfe ɗaya ake gasa komai a kai. Shagon da kifi kaɗai yake soyawa ya fi ba da natsuwa ta wannan fuska. Kada kuma ka dogara da alamomin da ke jikin takardar jerin abinci. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta tilasta bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane ciwo, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da alkama, amma babu alade a cikinsu, babu kuma barasa. Ka rubuta wannan a takarda ka riƙe: "No como cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni manteca. ¿Lleva vino?" Kana cewa ne ba ka cin alade ta kowace siga har da kitsensa, kana kuma tambaya ko an sa giya.

Akwai abin da gyaran abinci ba ya warwarewa, shi ne zama tare da masu sha. Akwai sanannen hadisi da ya yi hani ga zama a teburin da ake shan giya, kuma a wannan zagaye giyar ce ake zagayawa, ana bayani a kanta, ana ɗaga kofi. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukuncin na malaminka ne da zuciyarka. Abin da zan iya faɗa daga ɓangaren aikina shi ne, idan ka ga ba za ka shiga ba, babu wanda zai ɗauke shi rashin ladabi matuƙar ka faɗa da wuri kuma cikin mutunci. Masu shirya taruka a Sevilla sun saba da baƙi daga Maroko da ƙasashen Larabawa.

Idan ka yanke shawarar shiga, ka rubuta wa masu shirya taron su haɗa ka da kamfanin. Ka tambaye su sunayen shagunan da za a tsaya, da farantin da za a ba ka a madadin kowanne, da abin shan da za a ba ka, da ko za a rage kuɗi. Ka nemi amsar a rubuce. Kamfanin da ya ce maka kawai "babu damuwa" ba tare da ya ambaci faranti ko ɗaya ba, bai yi aikin ba tukuna. Ya fi sauƙi ka ce a sa ka cikin masu cin kifi da ganye kaɗai, ka ƙara da cewa banda giya a girki, domin wannan rukuni ne da masu girkin suka riga suka sani, kuma ya ɗauke maka maganar yankan kaza da sa.

Amma idan ka sami wasu mutum uku ko huɗu a taron masu irin buƙatarka, abin da na fi so a gare ku shi ne ku haɗa kuɗi ku ɗauki jagora naku na kanku. Ku ce masa ya bi da ku ta Giralda da Santa Cruz da Triana, ya tsaya da ku a shagon soyayyen kifi, da wurin da aka iya espinacas, ya ƙare da ku a shagon askirim. Za ku ji tarihin da sauran suka ji, ku ci har ku ƙoshi, kuma ku ne za ku ce a dakata idan Magariba ta yi. Wanda kuma yake marmarin nama, a unguwar Macarena akwai mahauta na halal da ƙananan masallatai, kuma hukumar Instituto Halal da ke Córdoba tana ba wasu gidajen abinci takardar shaida, wadda za ka iya neman gani.

Ka sa takalmi mai laushi, ka riƙe wayarka da jakarka a gaba a wuraren cunkoso, lambar gaggawa kuma ita ce 112. Tukuici ba dole ba ne a Sifaniya, amma jagoran da ya wahala wajen canja maka faranti a shaguna huɗu ya cancanci ka yaba masa. Idan kuma a ƙarshe aka kai ku shagon kayan zaƙi kana son tsaraba, ka bar mantecados da polvorones na garin Estepa, domin bisa al'ada da kitsen alade ake yinsu. Ka nemi tortas de aceite na Castilleja de la Cuesta, waɗanda da man zaitun ake murza su, kuma ko a nan ka juya ledar ka duba ko an rubuta "manteca de cerdo" kafin ka biya.